Tambayi Likitan Haƙori: Kumburin Kumatu da Tsoron Asibitin Koyarwa

Daga wata uwa a Barnawa: Ɗana yana son karatun likitan haƙori. Shekara nawa ake yi?

Shekara 6 ne a jami'a, Hajiya, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti kafin cikakkiyar rajista. Ya dage da darussan kimiyya tun yanzu.

Daga wani malami a Kawo: An ba ni takardar amincewa da shiga binciken ilimi a asibitin koyarwa. Dole ne in sa hannu?

Ba dole ba ne, Malam. Ko ka ƙi, za a duba ka kamar kowa. Amma ka sa a yi maka bayaninta da Hausa tukuna.

Daga wani bakanike a Rigasa: Turmina ya yi kogo, na ɗiga ruwan batir don kashe tsutsar. Kwana 3 ke nan kumatuna a kumbure har ƙasan haɓa. An ce in je asibitin koyarwa na Shika, amma ina tsoron ɗalibai su koyi aiki a bakina.

Subhanallahi! Ɗan'uwa, ka tafi asibiti yau, kar ka bari sai gobe.

Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar sukari, su fitar da tsami mai zaizaye haƙorin har ramin ya kai jijiya. Ruwan batir kuwa ƙona dasashi da harshe yake yi. In zafin ya lafa, jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma tana can tana taruwa a saiwa. Wallahi na gaji da ganin wannan, da fetur, da asfirin da ake dannawa a dasashi.

Kumburin da ya sauko ƙasan haɓa shi ya tayar min da hankali, domin yana iya tura harshe baya ya toshe numfashi. In ka ji zazzaɓi, ko haɗiyar miyau ta gagara, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko da tsakar dare ne ka nufi sashen gaggawa na asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibiti mafi kusa. Kar ka gasa wurin da ruwan zafi, kar wanzami ya tsaga.

Batun ɗalibai kuwa, kafin ɗalibi ya taɓa bakin mutum sai ya daɗe yana gwaji a haƙoran roba, kuma malaminsa na duba kowane mataki. Irin naka ma manyan likitocin tiyatar muƙamuƙi ne ke yi: hoto, fitar da mugunya, cire haƙorin, da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ka gaya musu ka sa ruwan batir, kar ka ɓoye. Kuma ka tafi da wani, kar ka hau babur kai kaɗai.