Amsar Gwaggo kan ɗaukar hoton amarya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kuna haɗa shirin talabijin kan auren Hausawa, mai ba da umarni yana so ka shiga ɗakin amarya da fitilu ranar kamu, a yaye mata mayafi ka ɗauki fuskarta kusa-kusa tana kuka, wai sai da haka hoton zai yi kyau. Kana tambaya ko al'ada ta yarda.

Ba ta yarda ba. Fuskar amarya tana da ranarta, ita ce ranar buɗar kai, a gidan miji, bayan an kai ta, dangin ango sun taru. Kafin nan a lulluɓe take. In kuka yaye mayafin ranar kamu, kun ɗauki abin da ba a yi ke nan, alhali kun ce wa masu kallo ga yadda ake yi. Yaron da zai kalla a Yamai ko Kumasi zai ɗauka haka Kanawa suke aurar da 'ya'yansu.

Kuma wa ya ce maka sai an ga ido ake gane kuka? Dubi kafaɗarta a ƙarƙashin mayafi, yadda take rawa. Dubi hannun da ya sha lalle ya damƙe zanen ƙawarta ya ƙi saki. Ga ƙawaye sun tare ƙofa suna ciniki da matan gidan ango, ga tsohuwa ta matso da turare za ta fesa. Duk wannan bai ishe ka hoto ba?

Mu mun ga talabijin tun tana baƙi da fari. A 1962 aka buɗe ta Kaduna, NTA ta zo a 1977, daga baya gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano. Hoton lokacin dishi-dishi ne, wani sa'in sai an fita an juya eriya. Amma masu ɗaukarsa sun san inda ake tsayawa. In suruki ya shigo gaida surukinsa a wasan kwaikwayo, za ka ga takalmansa a bakin ƙofa, ka gan shi durƙushe nesa kaɗan, kai a sunkuye. Ko ba sauti ka san waye babba.

Yanzu, musamman tun da Arewa24 ta fara a 2014, hoto ya yi tas, ban musa ba, ina kuma jin daɗinsa. Abin da ke damuna shi ne sai a zaunar da yaro da surukinsa a kujera ɗaya, ido cikin ido, don kawai fuskokin biyu su shiga hoto tare. Ko mai kyamara ya tsaya a kan dattijo yana ɗaukarsa daga sama. Kyamara baƙuwa ce, ɗana: ta yi sallama, ta tsaya a zaure sai an ce ta shigo, in manya na zaune ita ma ta rusuna.

Batun fitilun kuma, ku rage. Farin hasken nan da kuke dallara wa mutane yana kashe kalar fatarmu, sai baƙa kyakkyawa ta fito toka-toka, shuɗin rini ya koɗe. Ku jira la'asar sakaliya a tsakar gida, lokacin da rana ta kwanta a jikin katanga, ka ga yadda lalle da atamfa suke fitowa.

Ka nemi izinin uwar amarya ta bakin wata babbar mace, kada ka aika saƙon waya. Cikin ɗaki kuwa mace za ku ba kyamarar, akwai 'yan mata da suka iya yanzu. Kai ka tsaya wajen ɗaurin aure da maza. In kun gama haɗawa, ku nuna wa mutanen gidan kafin a sa a talabijin, abin da suka ce a cire, a cire.

Ka gaishe min da mahaifiyarka.