Tambayoyi da amsoshi: Shafin duba sakamako da ke durƙushewa ranar da aka fi buƙatarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya. Na yi wa wata makarantar sakandare shafin da iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Duk wata ina biyan hayar saba, amma sai a yi wata uku babu mai leƙawa, ranar da aka saki sakamako kuma kowa ya danno lokaci guda ta durƙushe. An ce in koma tsarin da ba a riƙe saba, in kuma gina shi da Terraform, manhajar da ke gina tsari daga abin da aka rubuta a fayil. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wanda ya ba ka shawarar nan ya san abin da yake faɗa, domin irin aikinka ne aka yi tsarin dominsa. Yanzu kai kamar wanda ya sayi injin niƙa ne ya ajiye a gida saboda tuwon sallah: kullum yana cin kuɗin gyara, ranar sallar kuma bai isa ba. A sabon tsarin ka kai niƙanka, a caje ka gwargwadon mudun da aka niƙa. Sabobin suna nan a rumbunan Amazon ko Google ko Microsoft, sai dai kunna su, sabunta su da ƙara yawansu idan jama'a sun yi yawa duk ya bar wuyanka.

Zan yi misali da AWS, wato sashen Amazon mai ba da hayar sabobi, tunda shi ne ya fi yawan littattafan koyo. Shafinka zai rabu gida biyu. Abin da ido ke gani, wato HTML da CSS da JavaScript da tambarin makaranta, ka zuba su a S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, ka sa CloudFront a gabansu ya riƙa miƙa wa masu buɗewa daga cibiyar da ta fi kusa da su. Abin da ke aiki a bayan fage kuma, wato karɓar lambar ɗalibi da lambar sirrinsa a ɗauko sakamako, wannan ka rubuta shi a matsayin ƙaramin aiki na Lambda, tsarin AWS da ke gudanar da kod ɗinka sa'ad da aka kira shi kawai, da Python ko Node.js. API Gateway ne ƙofar da buƙata ke bi ta isa gare shi, DynamoDB kuma, rumbun bayanai na AWS, ya riƙe sakamakon. Uba ya danna "duba" a wayarsa, Lambda ya farka, ya ɗauko layin ɗansa, ya miƙa, ya koma barci. Idan mutum ɗari biyar suka danna a daƙiƙa guda, AWS ya tayar da kwafi da yawa su yi aikin tare.

Amazon ya fito da Lambda a watan Nuwamban 2014, kuma har yanzu yana da iyakokin da ya kamata ka sani tun kafin ka rubuta layi ɗaya. Aiki guda ba ya wuce minti 15, kuma idan ta API Gateway aka shigo, a ƙa'ida wajen daƙiƙa 30 kawai zai jira amsa. Saboda haka kada ka ce za ka haɗa takardun sakamakon makaranta duka zuwa PDF a cikin buƙata ɗaya. Akwai kuma ɗan jinkirin farkawa idan aikin ya daɗe ba a kira shi ba. Ga mai duba sakamako ba wani abu ba ne. Wanda ya fi cizon sababbin shiga shi ne iyakar kwafin da za su yi aiki lokaci guda. A ƙa'ida 1,000 ne a kowane yanki, amma sabon asusu akan ba shi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ka duba naka a Service Quotas, sashen AWS da ke nuna iyakokin asusunka, ka nemi ƙari tun ana saura makonni a saki sakamako.

Tambaya: Wata mai karatu daga Kaduna ta ce: Malam, na taɓa haɗa irin wannan ta hanyar latse-latse a shafin AWS kuma ya yi aiki. Mene ne amfanin wahalar rubuta shi a fayil?

Amsa: Malama, ya yi aiki kam, amma ki gwada sake gina irinsa sak bayan wata shida. Wane izini kika ba Lambda? Wane akwati kika yi wa alama a CloudFront? Babu inda aka rubuta. Idan wata makarantar ta ce ita ma tana so, ko kina son wurin gwaji dabam da wanda jama'a ke amfani da shi, sai ki koma farko kina lalube.

Rubuta kayan aiki a matsayin kod yana nufin ki bayyana abin da kike so ya kasance a cikin fayil: tebur mai suna kaza, aikin Lambda mai ƙwaƙwalwa kaza, izini kaza. Manhajar ita za ta je ta gina. AWS yana da nasa, CloudFormation, tun 2011, da SAM da CDK da aka ɗora a kansa. Terraform na kamfanin HashiCorp ya fito a 2014, kuma yana aiki da AWS da Azure da Google Cloud da Cloudflare. A 2023 kamfanin ya canza lasisinsa, abin da ya sa wasu suka ɓalle da OpenTofu a ƙarƙashin Linux Foundation. Ga mai koyo kusan abu ɗaya ne. A ganina wanda AWS kaɗai zai yi, kuma shafinsa ƙarami ne, SAM ya fi saurin kai shi. Mai neman aiki da wannan ilimin kuwa ya koyi Terraform.

Umarni huɗu ne za ki rayu da su: `terraform init` ya sauko da abin da ake buƙata, `plan` ya nuna abin da zai faru, `apply` ya aiwatar, `destroy` ya rushe. A cikinsu `plan` ne nake so ki ba muhimmanci. A ƙarshensa za ki ga layi kamar haka:

`Plan: 2 to add, 1 to change, 1 to destroy.`

Lambar ƙarshen nan ita ce abin dubawa. A ce kin canza babban makullin teburin DynamoDB daga lambar ɗalibi zuwa wani abu. Wannan ba ya gyaruwa a kan teburin da ke akwai, don haka Terraform zai sa alamar `-/+` a gefensa ya rubuta `forces replacement`, ma'ana zai share teburin ya gina sabo fayau. Kika buga `yes` ba tare da kin karanta ba, sakamakon zango uku ya tafi. Ki sa `prevent_destroy` a kan teburin don Terraform ya ƙi share shi, ki kunna kariyar gogewa da ajiyar maido da bayanai na DynamoDB tun ranar farko.

Sai fayil ɗin `terraform.tfstate`, inda Terraform ke rubuta abin da ya riga ya gina. Ya ɓata, Terraform ya manta da kayanki alhali suna nan suna cin kuɗi. Kuma yakan ƙunshi bayanan sirri a fili. Kada ya shiga GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet. Ki ajiye shi a wani S3 na daban mai kulle, musamman in ku biyu ne ke aikin. Da zarar kin koma wannan tsari kuma, ki cire hannu daga latse-latse. Duk gyaran da kika yi a ɓoye ta shafin AWS, `apply` na gaba zai iya mayar da shi yadda fayil ya ce.

Tambaya: Daga Maraɗi: Nawa zai ci? Ina tsoron in wayi gari da bashin dala.

Amsa: Tsoronka na kan hanya, amma ba daga masu ziyara haɗarin yake ba. Lambda yana ba da buƙata miliyan ɗaya kyauta duk wata, bayan nan senti 20 kan kowace miliyan, ban da kuɗin lokacin da aikin ya ɗauka. A ce makaranta na da ɗalibai 2,000, kowanne aka duba masa sau goma: buƙata 20,000 ke nan, ko kusa da iyakar ba a je ba.

Bashin yakan zo ta hanya biyu. Ta farko, mutum ya manta makullan shiga asusunsa a cikin kod ya tura GitHub. Akwai manhajojin ɓarayi da ba su da aiki sai sintirin neman irin waɗannan makullai, su buɗe manyan kwamfutoci da sunanka suna haƙar kirifto. Ta biyu, aikin da ke kiran kansa: Lambda da ke farkawa duk lokacin da fayil ya shiga wani wuri a S3, shi kuma ya sake rubuta fayil a wurin, haka nan ba tsayawa. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a babban asusu ka daina aiki da shi, ka ba kowane Lambda izinin teburin da yake buƙata kawai, ka kuma saka gargaɗi a AWS Budgets ko na dala 5 ne. Ka dai sani gargaɗin saƙo kawai yake turowa, shi kaɗai ba ya kashe komai.

Tambaya: Wane yanki zan zaɓa, kuma me ya sa CloudFront ya ƙi ganin takardar tsaron da na yi wa adireshina?

Amsa: Yankin AWS na Afirka yana Cape Town, an buɗe shi a 2020, kuma sai ka kunna shi da kanka a asusunka. Kasancewarsa a nahiyarmu ba ya nufin ya fi sauri daga Kano ko Yamai, tunda yawancin wayoyin intanet na ƙarƙashin teku daga Legas Turai suka nufa. Ka gwada shi da Landan da Ireland a layin da iyayen yaran ke amfani da shi, ka kwatanta farashi, sannan ka zaɓa.

Batun takardar kuwa, CloudFront ba ya karɓar ta ACM, sashen AWS da ke ba da takardun tsaron shafi, sai wadda aka yi a yankin `us-east-1`, ko da sauran kayanka duk suna Landan. A Terraform ka ƙara `provider` na biyu, wato saitin haɗuwa da AWS, mai `alias` (laƙabi), da ke nuni ga wannan yankin, ka yi takardar da shi, ka sake `plan`.