Amsa ga ɗan'uwan da aka ce masa ya tsinci ƙwan dainoso

Salam ɗan'uwa. Na ga hotunan duwatsun nan biyu da ka ce ka tono a gonarku ta wajen Zariya, mulmulallen da aka ce maka ƙwan dainoso ne da faffaɗan mai zanen ganye baƙi, kana tambaya ko fosil ne na gaskiya, wato ragowar halittar da can da ta zama dutse, kuma wai akwai wanda ya ce ka kawo kuɗin gwaji zai haɗa ka da mai saye. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, domin irin wannan maganar ce ta raba ni da kuɗin da nake tarawa na sayen mashin. Don Allah kar ka ba shi ko sisi.

Ni nawa wani dillalin duwatsu ne, mutumin da muke sallah sahu ɗaya, ya ci tuwo a gidana, yarana suna ce masa Baffa. Ya ga duwatsun da na kwaso daga wani kwari a yankinmu na Sakkwato, ya riƙe ɗaya yana ta salati, ya ce Turawa nemansa suke ido rufe, amma sai an yi takardar shaida. Yau kuɗin takarda, gobe kuɗin mota, jibi wai oga ya ce a ƙara. Da na gaji na ɗauki abina na kai wa wani malamin ilimin ƙasa a jami'a, bawan Allah ya juya shi a hannu, ya ɗauko guduma ya ce in na yarda zai fasa. Ya fasa a gabana. Cikinsa laka ce da ta daskare, hawa-hawa har tsakiya, babu ɓawo babu komai. Ya ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tara ma'adini a kewayen wani ɗan abu har ya dunƙule haka, kuma irinsu a ƙasar nan sai ka cika tifa. Na fito na zauna a gindin bishiya na kasa tashi, ba ma kuɗin ba, yadda zan kalli maiɗakina da ta sayar da tunkiyarta ta ƙara mini. Shi kuwa gogan har yau in mun haɗu a kasuwa sai ya miƙo hannu yana cewa ai harka ce ba ta faɗa ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To ka ga naka, tun daga inda ka samo shi maganar ta yi rauni. Ƙasar Zariya yawancinta tsohon dutse ne mai tauri irin na Kufena, wanda narkakke ne ya huce a cikin ƙasa, sai marmara a samansa. Halitta ba ta saura a cikin irin wannan. Fosil a dutsen da ya taru daga laka da yashi da ƙasan teku ake samunsa, mai shimfiɗa-shimfiɗa. Shi ya sa mu nan muke da shi, teku ta taɓa rufe yankin Sakkwato shekaru wajen miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, a dutsen siminti na Kalambaina za ka ga kwanson halittun ruwa ƙuru-ƙuru, kuma akwai wata dabbar teku da aka tono a ƙasar Goronyo har aka sa mata sunan garin, Goronyosaurus. A Ashaka ta Gombe ma ana samun masu naɗi irin na dodon koɗi.

Mai zanen ganyen nan kuma ka duba da kyau, za ka ga zanen a kwance yake kan fuskar tsagar dutsen, ba shi da kauri, ba shi da jijiya ta tsakiya, rassan kawai sun bazu ko'ina. Ma'adinin manganis ne da ruwa ya shigar cikin tsaga. Ganye na gaske yana barin gefe da jijiyoyi a tsare. Yana da kyau dai, ka ajiye a falo.

Abin da malamin nan ya koya mini wanda ban manta ba, ya ce siffar waje ba ta shaida, a duba ciki. Ka je wajen masu gyaran waya ka ari gilashin nan nasu mai ƙara girma. Ƙashi in ya zama dutse, inda ya karye za ka ga 'yan ramuka kamar cikin ƙashin saniya da aka fasa a miya, bayansa kuma da zare-zare a tsaye. Wasu har lasa suke yi, in ya ɗan kama harshe su ce ƙashi ne, amma busasshiyar laka ma tana kama harshe, kar ka dogara da wannan kaɗai. Haƙori yana da sheƙi a samansa. Icen da ya zama dutse ana ganin layin icen. Ƙwai na gaske kuwa ɓawonsa siriri ne, kaurinsa ɗaya duk kewaye, da 'yan ƙofofi mitsi-mitsi, kuma galibi a farfashe ake samunsa. Lemon tsami da wani ya ce ka ɗiga, in ya yi kumfa dutsen farar ƙasa ne kawai ya nuna maka, bai ce akwai halitta a ciki ba. Ruwan batir kam kar ka kusance shi.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai, muna da na gaskiyan a kusa da mu amma 'yan damfara sun fi masana yawan magana. A Gadufawa cikin Tenere ta Nijar aka tono kadan nan Sarcosuchus mai tsawon fiye da mita 9, da dainoso Nigersaurus mai haƙora wajen 500, shekarunsu kusan miliyan 110. Wanda ya je Yamai ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama zai ga ƙasusuwan irin waɗannan halittu a tsaye da idonsa. Yaranmu ba su san wannan ba, sai labarin wane ya tsinci dutse ya yi kuɗi. Kuma ka sani fitar da irin waɗannan kaya waje ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, in da na gasken ne ma dillalin nan rigima zai jefa ka.

Tunda kana Zariya ai abin ya zo da sauƙi, ka ɗauki duka biyun ka kai sashen ilimin ƙasa na ABU ka nemi wani malami ya duba maka. Kar ka wanke su da omo ko ka goge da burushin ƙarfe, ka rubuta daidai inda ka tono su da zurfin ramin. In akwai wani guntu da ya riga ya fashe, ɗauki hoton cikinsa da rana, ka ajiye murfin biro a gefe don a ga girmansa, ka turo nan mu gani kafin ka tafi.