Kama da wane ba ta wane: kalmomin Turanci masu haruffa iri ɗaya

Wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe na sakandare daga Zariya ya turo tambaya. Ya ce Malam ina haddar kalmomin Turanci ne jeri-jeri, masu harafi 3 daban, masu 4 daban, masu 5 daban, sannan waɗanda suka yi tarayya a haruffa nake haɗa su wuri guda, amma da an kwana biyu sai ma'anar ta rikice min, wai ina matsalar take?

To ɗana, ba kanka ne ya toshe ba, hanyar ce. Ɗauki jerin nan da ake fara koya wa yara a firamare: cat, bat, hat, rat, mat. Harafi uku-uku ne, biyun ƙarshe iri ɗaya, amma da ka juya su zuwa Hausa sai ka ga kyanwa, jemage, hula, ɓera, tabarma. Me ya haɗa jemage da hula? In ban da kyanwa da ɓera da dama can akwai tsohuwar gaba tsakaninsu, sauran ko gaisawa ba sa yi. Shi bat ɗin ma ba jemage kaɗai ba ne, sandar da ake buga ƙwallon kurket ma sunanta ke nan. Abin da jerin ke koya maka rubutu ne da furuci, shi ma furucin ba kullum ba, don ga though, through, cough da tough, dukkansu da ough a jiki amma kowanne da yadda ake faɗinsa, haruffa 26 ne aka ɗora musu sautuka wajen 44, dole wani wurin kaya ya goce.

Masu irin wannan hadda da gaske 'yan wasan Scrabble ne, wato wasan jera haruffa a haɗa kalmomi don cin maki, kuma su suna da hujja, tunda harafi 7 ake ba mutum a gabansa, in ya zuba su duka a kalma ɗaya ya ci ƙarin maki 50, ba wanda zai tsare shi ya ce me take nufi. Ɗan Najeriya Wellington Jighere ya ci gasar duniya ta wannan wasa a 2015 a Perth ta Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci. Amma kai jarrabawa ce a gabanka. In za ka haɗa kalmomi, haɗa waɗanda guntun da suka yi tarayya a kai yake ɗauke da ma'ana, kamar er ɗin teacher, driver, farmer da ke nuna mai yin aikin, daidai da ma ɗinmu na manomi, maɗinki, marubuci. Shi ma a yi hattara, don er ɗin water ba mai aikin komai ba ne, kamar yadda ma ɗin masara da mage ba ruwansa da na manomi.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce ita wasan Wordle take yi a waya, wanda ake cankar kalma mai harafi 5 cikin gwaji 6, shin za a iya yin sa da Hausa?

Za a iya mana 'yar'uwa, sai dai kafin a fara sai an zauna an yanke hukunci a kan mene ne harafi ɗaya. A bokon Hausa sh harafi guda ne, ts ma haka. Kin ga tsuntsu a lissafinmu harafi 5 ne, a madannin waya kuma sai kin danna sau 7. Ga masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, da wanda ku a Nijar kuke rubutawa ƴ mu nan mu sa 'y. In aka yi kasala aka watsar da lanƙwasar kamar yadda muke yi a WhatsApp, to kafa da ƙafa sun zama ɗaya, bari da ɓari ma haka, mutum ya ce a bari a karanta a ɓari, an yi asarar koko.

Wanda ya fi wannan ma, mu muna da kalmomin da rubutunsu ɗaya ne sak, ba mu nuna tsayin wasali ko karin sauti a takarda. Gari na zama da gari na tuwo. Dawa ta rumbu da dawa ta mafarauta. Fari kuwa har uku, na launi, na rashin ruwan sama, da na ɗan fari. Kunne ne ke raba su ko jimla. Yara kuma sun daɗe da wasan juya gaɓa tun kafin waya, gari ya koma riga, raba ya koma bara, saka ya koma kasa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda kalmar Turanci ke yin ƙiba in ta shigo Hausa, tunda bakinmu ba ya son baƙi biyu a cushe a farkon kalma, sai mun cusa wasali a tsakani. Bread gaɓa ɗaya ce, muka mai da ita burodi, brush ya zama buroshi. Screwdriver da sukundireba kuwa ku ƙirga da kanku, harafi 11 ne kowanne, amma tasu gaɓa 3 tamu 5.

Na ƙarshe wani dattijo ne daga Kumasi, ya ce karin maganar nan kama da wane ba ta wane, wane ɗin na tambaya ne, irin na wane ne ya zo? A'a Baba, wannan wanen daban ne, shi ne wanda ake sakaya suna da shi, wane da wance, su wane da wane. Abin da ake nufi, don ka yi kama da wani ba ka zama shi ba, ana faɗa wa mai kwaikwayon tafiyar manya ko wanda ya sayi jabu a kasuwa don ya ga kwalin iri ɗaya ne. Akwai masu cewa kama da wane ba wane ba ne, duk ɗaya ne, sai dai ta farkon ta fi zama a baki.