Ina neman sunan jariri mai farawa da K: wanne zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sunan maigidana Kabiru, yaranmu biyu maza, Kamal da Khalid. Yanzu ina da juna biyu wata takwas, kuma muna so wannan ma sunansa ya fara da K, mace ce ko namiji. Na duba intanet na ga sunaye rututu, amma ban san ma'anarsu ba. Ita kuwa surukata cewa ta yi in mace ce ai sunanta Kande, ba sai an wahala ba. A ba ni shawara. Daga Maman Khalid, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya raba lafiya, Maman Khalid.

Kafin a kai ga zaɓe, ki lura cewa wannan K da kike gani a boko haruffa uku ne a Larabci. Akwai kaf, wanda ke cikin Kabiru da Kamal. Akwai kha, wanda ake furtawa daga maƙogwaro, shi ne a Khalid da Khadija. Sai ƙaf, na Ƙasim. Iyayenmu da suka karɓi sunayen nan da kunne ba da biro ba, sun mai da kha zuwa h, shi ya sa Khadija ta zama Hadiza, Khalid ya zama Halidu, Khalil ya zama Halilu. Ke nan a bakin kakarsa, ɗanki na biyu tun tuni ya fice daga layin K. Na faɗi haka ne don kada harafi ya ɗaure ki har ki bar suna mai kyau ki ɗauko wanda ba ki san kansa ba.

In mace ce, kina da wadata. Khadija ita ce kan gaba: matar Manzon Allah (SAW) ta farko, wadda ta fara ba da gaskiya da shi, suka zauna kimanin shekara 25 bai yi mata kishiya ba. Asalin kalmar a Larabci tana nufin bakwaini, amma darajar mai sunan ta shafe wannan, ba mai tunawa da shi. Kubura da kike ji ana kiran Hadizoji da shi daga Khadijatul Kubra ya fito, wato babba. Sai Ummu Kulsum, 'yar Manzon Allah da Sayyidina Usman ya aura bayan rasuwar 'yar'uwarta Ruƙayya, ta rasu a shekara ta 9 bayan hijira. Ma'anar Kulsum mai cikar fuska da kumatu. Ita ce Kaltume a bakin mutanenmu, musamman in aka nausa gabas wajen Barno, kuma ni dai ban ga abin da ya sa 'yan zamani suke ganin Kaltume sunan ƙauye ne, Kulsum kuma na birni ba, alhali mutum ɗaya ce.

Kausar ma ya karɓu sosai a 'yan shekarun nan. Sunan sura ta 108 ce, mafi gajarta a Alƙur'ani, aya uku, kuma sunan ƙorama ne a Aljanna, ma'anarsa alheri mai yawa. Karima mai karamci ce, Kamila cikakkiya. Khaula barewa ce, kuma sunan sahabiyar nan ce 'yar Sa'alaba, wadda ta kai ƙarar mijinta har farkon Suratul Mujadala ya sauka a kanta.

Maganar surukarki kuwa, tana kan hanya. A al'adar Bahaushe macen da ta biyo bayan maza ita ce Kande, kamar yadda namijin da ya biyo bayan mata yake Tanko. Sai dai Kande laƙabi ne, ba sunan yanka ba. Liman zai raɗa Khadija ko Kulsum ran suna, kaka kuma ta ci gaba da kiran Kandenta, ba wanda ya ci gonar wani. Kada ki ja da ita a kan wannan. Haka Kyauta, da ake kiran ɗan da aka samu bayan dogon jira, da Kulu da ke bin Hauwa'u, da Kawu da ya yawaita a gidajen Fulanin Gombe, inda ake sakaya sunan yaron da ya ci sunan ɗan'uwan mahaifiyarsa. Duk na kira ne a cikin gida.

In namiji ne, jerin ya ɗan fi gajarta tunda kun riga kun kwashe uku. Akwai Khalil, laƙabin Annabi Ibrahim, wanda Allah Ya ce Ya riƙe shi badaɗi a Suratun Nisa'i, aya ta 125, shi ya sa za ki ji ana haɗawa Ibrahim Khalil. Akwai Ƙasim, ɗan farin Manzon Allah, ma'anarsa mai rabawa. Akwai Kamilu, da Karimu, da Khuzaima da Khubaib cikin sahabbai. Khamisu dai ki bar shi tukuna, don na biyar yake nufi a jerin Auwal, Sani, Salisu, Rabi'u, naki kuwa na uku ne.

Inda nake so ki yi hattara shi ne sunayen Allah. Karim da Kabir siffofi ne da ake iya faɗa wa ɗan Adam, Alƙur'ani da kansa ya kira manzo da karim, don haka malamai ba su hana ba, ko da yake Abdulkarim ya fi cika. Amma Khaliƙ da Ƙuddus da Ƙayyum na Allah ne Shi kaɗai, dole a sa Abdul a gaba, kuma a riƙa kira da shi cikakke. Matsalarmu gajarta suna: a raɗa Abdulƙayyum, kafin yaye an koma Ƙayyum.

Jerin intanet ɗin nan kuma, da yawansu an gwamutsa na Indiya da na Farisa da na Turawa ne aka lakaba musu ma'ana mai daɗin ji. Kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani ma bai mai da ita suna ba, ai kazib, wato ƙarya, da khinzir, wato alade, duk suna ciki. Duk sunan da ya burge ki, ki sa a rubuta shi da Larabci a kai wa malamin da ya san lugga. Manzon Allah ya canza wa mutane suna saboda munin ma'ana, kuma sauyi bayan an yanka rago ya fi wuya.

Ku tsai da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Wadda take Khadija a takardar haihuwa, Hadiza a firamare, Kadijat a NIN, ranar rajistar JAMB sai an yi ta zaryar kotu ana rantsuwa.

Da ni aka ba wa zaɓi, in mace ce Ummu Kulsum, in namiji ne Ibrahim Khalil. Amma ki kai wa Malam Kabiru jerin tun yanzu, tunda shi zai yi wa jaririn huɗuba, kuma wataƙila akwai sunan mahaifinsa ko na mahaifiyarki da yake riƙe da shi a rai bai faɗa ba.