Shin tsufa ne ke jawo hawan jinin ido?

Malama kin tambaya ko shekaru ne suka jawo wa babanki hawan jinin ido, kuma ko maganin bitamin zai warkar da shi. Eh shekaru na da hannu sosai. A cikin ido akwai wani ruwa da ke gudana kullum yana fita ta wata 'yar matata a gefen baƙin ido, ita matatar tana da sinadaran kariya irin su SOD da ke kawar da gubar da iskar oksijin ke bari, to yayin da mutum ke manyanta ƙarfin SOD ɗin sai ya ragu, ƙwayoyin matatar su lalace, ruwa ya daina fita yadda ya kamata, matsi ya hau ya rinƙa cin jijiyar gani a hankali ba ciwo ba komai. Binciken makanta na Najeriya na 2005 zuwa 2007 ya gano kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da shi.

Bitamin kam ba ya dawo da ganin da ya tafi, kar a yaudare ku. Baba ya lizimci ɗiga maganin da likita ya rubuta kullum, ke ma da 'yan uwanki ku je a auna ku tunda yana bin jini. Allah ya ba shi lafiya.