Me ya sa ƙarin ya dawo bayan an cire shi?

Tambaya: Likita, an yi wa yayana tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa, irin wanda ake kira giliyobilastoma. Hoton MRI ya nuna an kwashe shi. Har ya koma rumfarsa a kasuwar Mile 12, sai ciwon kai da farfaɗiya suka dawo, aka ce ya sake tsirowa. Sakacin likitoci ne? Daga wata mai karatu a Agege.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. A ganina ba sakaci ba ne, halin ciwon ke nan.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jininta suna kewaye da wata saƙa ta furotin da ke riƙe kowa a mazauninsa. Wannan ƙari yakan fitar da sinadarai masu yanka furotin, kamar almakashi. Fitattu su ne MMP-2 da MMP-9, sai katefsin B. Suna datse saƙar, ƙwayoyin kansar su sulale ɗaya-ɗaya ta gefen jijiyoyin jini, su yi nisa da inda aka ga kumburin. Yankan kuma yana sako wani furotin, VEGF, mai sa sababbin jijiyoyi su tsiro su ciyar da ƙarin. Likita yana cire abin da ido da hoto suka gani. Waɗanda suka sulale ba sa fitowa a MRI, kuma ba zai bi su da wuƙa ba, don kada ya taɓa wurin magana ko motsi. Shi ya sa yawanci ciwon ke dawowa cikin santimita 2 daga bakin inda aka yanke.

Su sinadaran asalinsu na amfani ne, da su rauni ke warkewa. A 1962 aka fara gano irinsu, a wutsiyar talibambam lokacin da take narkewa zai zama kwaɗo. An gwada maganin marimastat don toshe su, bai ƙara wa majinyata kwana yadda aka yi fata ba, ga ciwon gaɓoɓi da ya jawo. Don haka duk wanda ya tallata miki kwalba a WhatsApp da sunan tana dakatar da su, riƙe kuɗinki.

Abin da aka tsaya a kai tun 2005 shi ne gashi, wato ƙona ƙwayoyin kansa da hasken inji (radiotherapy), da ƙwayar temozolomide bayan tiyata. Ba ki faɗa mini ko ya samu ba. Akwai injin gashi a cibiyar kansa ta LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba. Ku tafi da faifan MRI na farko da na yanzu da takardar gwajin naman, ku tambaya ko za a iya sake aiki. Kada ya tsallake maganin farfaɗiya ko sau ɗaya, kada kuma ya tuƙa mota ko ya hau okada.